Tsanin Ranar Lahadi

A bana aka rushe rumbu na ƙarshe a gidanmu. Ɗan ƙanena ne ya rushe shi, wai yana cin fili, ya gina sito na bulo da ƙofar ƙarfe a wurin, ya rataya masa kwaɗo kamar tafin hannuna. Da na je gida gaisuwa ya zagaya da ni yana nuna mini buhunan masara jere har rufi, yana jira in yaba. Na yaba, don yaron ya yi ƙoƙari, kuma ɓera da gara sun gama yi masa ɓarna. Amma ranar abinci bai shige ni ba. Ba wai rumbun nake kewa ba, tsohon abu ne, duk ya tsattsage. Daga gindinsa ne abin da ya fi komai ba ni kunya a rayuwata ya faro, kuma duk waɗanda suka shaida sun riga ni tafiya, saura ni kaɗai na san zancen.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kafur da Malumfashi, nesa da titi. A lokacin da nake magana ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ko da yake mu ba mu ga abin da ya canja ba sai tutar da aka ɗaga a makaranta. Gidanmu na masu bi ne, kakanmu ne ya karɓi bishara tun ubana yana yaro. Mu muna kan tudu, Musulmi suna gangare, rijiya ɗaya muke ja, rafi ɗaya muke wanki. Da asuba kiran salla ke tashinmu, sai zakaru, sai luguden mata ya ɗauka daga gida zuwa gida, har kana iya gane ko wace ce ke kan turmi daga yadda take sauke taɓarya. Ƙararrawar majami'armu wani guntun ƙarfe ne da aka rataya a reshen bedi, ana buga shi sau biyu ranar Lahadi, na farko don a yi wanka, na biyu don a fito. In aka buga na biyu unguwar tudu takan zama wayam, har tsofaffi masu sanda sukan tafi, ba a barin kowa sai kaji da awaki. Yanzu in ka kwana a ƙauyen injin niƙa da babura ne za su tashe ka, yara kuma ba su san nauyin taɓarya ba.

Na gama aji bakwai a makarantar mishan, ina zaune gida ina jiran kira zuwa makarantar horon malamai. Aikina shi ne na kowace budurwa: ɗebo ruwa, sussuka, surfe, kai abinci gona. Yayana yana aiki a wurin gurzar auduga a Funtuwa, sai wani Bature da zai koma ƙasarsu ya bar kwali guda na tsofaffin littattafai, ba wanda ya kula da shi. Yayana ya ɗauro shi a bayan keke ya kawo mini, ya ce in yi ta gyara Turancina. Wasu ba su da bango, wasu gara ta ci gefensu. Kusan dukkansu labaran bincike ne: a tsinci gawa a wani babban gida, ko a nemi wani abu mai daraja a rasa, sai wani mutum mai sanyin hali ya zo ya yi ta tambaya har ya gano mai laifi.

Ban san yadda zan kwatanta daɗin da na ji a littattafan nan ba. Rabin kalmomin ban san su ba, nakan tsallake in ci gaba, don zuciyata ba ta da haƙurin tsayawa. Ban taɓa ganin gidan bene ba, ban taɓa shan shayi a kofin tangaran ba, amma na san ta inda ake zuba guba a ciki. Nakan soke littafi a ƙugu in tafi rafi, in shanya wanki in zauna a inuwa har kayan su bushe su ƙandare. Na ƙona tuwo ba sau ɗaya ba, hannu ɗaya na kan muciya ɗaya na riƙe da shafi. In na kai tsakiyar labari sai in rubuta sunan wanda nake zargi da gawayi a bayan ƙofar ɗaki, in na ci in yi tsalle, in na faɗi in koma farko ina neman inda marubucin ya yaudare ni. Abin da ya fi kama ni shi ne a duniyar littattafan nan ba ƙaramin abu. Laka a takalmi tana da magana, tokar taba tana da magana. Shi kuma mai binciken ba ƙarfi gare shi ba, ba sarauta ba, ido ne kawai da natsuwa, amma manya suna yin shiru in ya buɗe baki. Ni kuwa yarinya ce da ba a tambayar ra'ayinta ko a kan gishirin miya. Babin ƙarshe shi ne rayuwata, inda yakan tara kowa a ɗaki ɗaya ya warware zance daki-daki, sannan ya juya ya nuna mutum da yatsa. Wannan babin nakan karanta shi sau uku.

Da yamma in muna surfe nakan ba 'yan mata labarin da Hausa, in mai da babban gidan ya koma na wani attajiri a Bakori. Kakata, uwar ubana, tana gefe da mazarinta tana kaɗi, ta yi kamar ba ta ji, sai can ta tsoma baki.

“Wai mutanen nan ba su da aikin yi ne? An kashe mutum, maimakon a binne shi a zauna makoki, sai a bi ana leƙa ƙarƙashin gadon jama'a.”

“Kaka, ai gaskiya ake nema.”

“To, a same ta a dafa. Ke dai idonki ya cika yawa, bakinki kuma ba ya jira.”

Sai na fara gwadawa a gida. Na gano inda kazar Inna, mahaifiyata, ke zuwa ta yi ƙwai, ta hanyar bin ɗanyen sawunta. Na gano akuyar da ke cin rama a lambu daga gashin da ta bari a jikin ƙaya. Aka yi ta dariya ana yabona, unguwa ta sa mini suna Mai-littafi, kaina ya yi girma har ban san inda zan ajiye shi ba.

Ubana yana da amini a gangare, Baba Tanko. Tare suka yi kiwo suna yara, da gidanmu ya bi majami'a gidansu ya tsaya a masallaci, abin bai taɓa zumuncinsu ba. Dogo ne, mai magana a hankali. In aka yi rikicin iyakar gona shi ake kira, abin da ya faɗa ya zauna, a tudu da gangare. In za a yi gayya shi ke ɗaukar kunyar huɗa ta farko. Kowace Kirsimeti shi ke zuwa ya yanka mana akuya, don maƙwabta su iya cin naman da za a aika musu. Yakan kira ni 'yata, kuma ban taɓa zuwa ƙofar gidansa na dawo hannu wofi ba, ko da ƙwayar gyaɗa ce sai ya laluba aljihu ya ba ni. A daminar da ta wuce ya bi shawarar malaman gona ya zuba yawancin gonarsa auduga, tsutsa ta cinye ta, 'yar dawar da ya shuka kuma ciyawar wuta-wuta ta kama. Kowa ya ga gonar, amma ba wanda ya ce komai, shi ma ya ci gaba da fita da farar rigarsa ranar Juma'a kamar kullum.

Rumbunanmu huɗu ne, uku a cikin gida, ɗaya a bayan danga kusa da hanyar rafi, muna ce masa rumbun baya. Na laka ne, bakinsa a sama, an kife shi da 'yar hular ciyawa, sai da tsani ake hawa. Ubana kaɗai ke shiga, tsanin kuma kullum yana kwance a gindin katangar ɗakinsa. Aka shiga marka, lokacin da ruwa ke yini yana zuba, tsohon hatsi ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada na zagaya baya neman ganyen kabewa, sai na ga tsani jingine da rumbun baya. A ƙasa ga ƙwayoyin dawa a warwatse, ga sawu a cikin laka, ya zo ya koma. Takalmin taya ne irin wanda kowane manomi ke sawa, amma diddigen na hagu an ɗinke shi da waya, ya bar wata alama kamar an gicciye tsinke biyu. Gabana ya faɗi, amma ba don tsoro ba. Murna ce ta kama ni, gara in faɗi gaskiya. Ga shi littafi ya biyo ni har bayan danga.

Na karyo kara na auna tsawon sawun na ɓoye. Asabar ta gaba na saci jiki na ɗora siririn tsinke a bakin hular rumbun, kamar yadda na karanta ana yi. Lahadi bayan sujada tsinken yana ƙasa, tsani na jingine, ga sabon sawu. Na sami ubana yana gyaran ƙotar fartanya na durƙusa.

“Baba, ana yi mana sata a rumbun baya.”

Bai ɗago ba. “Wa ya aike ki bayan danga?”

“Ba kowa. Amma na ga dawa a zube.”

“Ɓeraye ne.”

“Baba, ɓera da takalmi?”

Sai ya ɗago ya dube ni, duban da ya daɗe. “Na ce ki bar zancen nan. Ki kama aikinki.”

A littattafaina kullum akwai wani babba mai cewa a bar zance, kuma kullum shi ne ke jin kunya a ƙarshe. Sai na sa ubana a wannan layin, na ce sanyin hali ne ya yi masa yawa. Tsanin ma na ba shi fassara: ɓarawon ya san gidan, har ciki yake shiga ya ɗauko shi in mun tafi majami'a, saboda haka ba daga cikin masu bi yake ba. Na ji daɗin wannan lissafin ƙwarai.

Sauran bai yi wuya ba. Dawar rumbun baya kaura ce, mai manyan ƙwaya ja-ja, irin da ubana ya samo daga Bakori, mutanen gangare kuwa farfara suke shukawa. Na ƙirƙiri aike na bi gangare ina duban juji. A bayan gidan Baba Tanko na ga kaji suna tonon ƙaiƙayin kaura. Na shiga na gaida matarsa, na tarar tana tsinkar tafasa, tukunya ɗaya ƙarama a murhu, gida mai mutum tara. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta yi ta ba ni haƙuri wai fura ta ƙare. Na ga duk wannan da idona, kuma abin da zuciyata ta ce shi ne, to, ga dalilin laifin ma na samu. Shekara nawa ke nan, amma duk sa'ad da na tuna wannan tunanin sai na runtse ido.

Da na faɗa wa Inna a ɗaka, da ta toshe mini baki zancen ya mutu a nan. Ban faɗa mata ba, don babin ƙarshe nake so, da mutane a zaune.

Ba a yi mako ba ubana ya kira gayyar huɗa a babbar gonarmu. Mazan tudu da na gangare suka fito da garemani, ga mai ganga yana zuga su, Baba Tanko a kunyar farko. Manomi ba ya huɗa da takalmi, don haka duk suka tuɓe suka tara a gindin ɗorawar da ke bakin gona. Da rana ta take muka kawo kunu da tuwo da miyar kuka, mu mata muka ja gefe, maza suka zauna a inuwa. Karan da na auna sawun da shi yana soke a zanena. Wani ƙanen ubana mai son wasa ya hango ni ina zuba kunu.

“Ga Mai-littafi. Yau kuma wane Bature aka kashe?”

Aka yi dariya. Na ce, “Na yau ba na Turai ba ne, Baffa. Na gida ne.”

“To, ba mu mu sha.”

Ubana ya ce, “Ke, ɗauki ƙwaryar nan ki wuce gida.”

Ban taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar. Na miƙe tsaye a gaban iyayena maza, na fara kamar yadda mai bincike ke farawa, a hankali, ba suna. Na ce akwai wani rumbu, akwai wani tsani, akwai wata rana da unguwa ke zama ba kowa. Samari suka matso suna murmushi. Amma dattawan sai na ga sun sunkuyar da kai. Wani ya ɗauki tsinke ya shiga kankare laka a garmarsa. Wani tsoho daga gangare ya yi gyaran murya ya ce da ƙarfi, “Hadari na haɗuwa, jama'a, mu tashi mu ƙarasa,” alhali sama tas take. Hanya ya buɗe mini in fita, yanzu na sani. A lokacin na ɗauka zancen ne ya fara kama su, sai na ƙara ƙaimi. Na kawo tsinken, na kawo ƙaiƙayin kaura a jujin da ba a shuka kaura ba. Na ji Inna tana kiran sunana ƙasa-ƙasa daga cikin mata, na yi kamar ban ji ba. Na taka zuwa tarin takalman, na tona, na ɗago na hagu mai ɗinkin waya, na zaro karana na ɗora a kai. Ya zauna cif.

“Takalmin wane ne wannan?” Na tambaya, alhali na sani.

Har kukan kurciya a kan ɗorawa ana ji. Baba Tanko ya ajiye ludayin da ke hannunsa, bai shanye kunun ba.

“Nawa ne, 'yata,” ya ce. “Kin auna daidai.”

Ya tashi ya ɗauki garmarsa ya koma kunyar da ya bari rabi. Shi kaɗai a gonar, muna kallonsa, ya yi ta huɗa bai ɗago ba har ya kai ta ƙarshe. Daga can ya saɓa garmar ya bi ta ƙetaren gona ya tafi, ƙafa ba takalmi. Ni kuwa ina tsaye da takalmin a hannu, ina jiran abin da ke biyo baya a littafi, inda ake cewa kai, yaya aka yi ka gane. Ba wanda ya dube ni. Maza suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ƙarasa aikin, mai ganga ya rataya gangarsa bai sake taɓa ta ba.

Ubana bai doke ni ba, da ya doke ni da na sami sauƙi. Ya dawo ya shiga ɗaki, aka kai tuwo aka dawo da shi yadda yake. Kafin faɗuwar rana Kaka ta kira ni, tana zaune a ƙofar ɗakinta da mazari, ba ta kaɗi, tana riƙe da shi kawai.

“Zauna, mai ido. Kin ga sawu, kin ga ƙaiƙayi. To, tsanin wa ke fitar da shi?”

“Shi ne, Kaka. Yana shiga gida in mun tafi.”

“Tanko bai taɓa taka tsakar gidan nan ba in ba kowa a ciki. Ubanki ne ke fitarwa, kowace Lahadi, tsakanin ƙarfen farko da na biyu. Ba ki taɓa lura shi ke zuwa majami'a a ƙarshe ba?”

Na lura mana. Na sha ganinsa yana shigowa ana waƙar farko yana karkaɗe kafaɗar rigarsa. Ban taɓa sa wannan a lissafi ba.

Sai ta yi mini bayani kamar mai koya wa ƙaramin yaro cin tuwo. Magidanci irin Baba Tanko ba ya buɗe baki ya ce wa ɗan'uwansa gidana ba abinci. In ya faɗa sau ɗaya, ko aka aika masa hatsi a ƙwarya jama'a na gani, ya gama zama a gaba a raba gardama, 'ya'yansa mata ma sai an riƙa tuna musu a gidan miji. Saboda haka mai hali yakan ajiye rumbu ɗaya a waje, in ya ga gonar amininsa ta ƙi, sai ya jingina tsani a ranar da ya san ba ido. Wancan ya zo ya ɗauki dami ɗaya, abin da zai kai shi mako. Mai bayarwa bai gani ba, mai ɗauka bai roƙa ba, gobe su haɗu su gaisa ido cikin ido.

“Dattawan da kika tsaya a gabansu duk sun sani,” in ji ta. “Rabinsu sun taɓa hawa tsanin wani. Shekarar da aka yaye ki, fara ta sauka a gonakin tudu, ba mu girbe ko na iri ba. Ranar Juma'a, in mazan gangare sun tafi masallaci cikin gari, ubanki yakan ce zai je duba tarko. Ta bayan gidan Tanko yake bi. Kunun da aka yaye ki da shi, dawar wa kike tsammani?”



“Kuma su biyun ba su taɓa yin zancen ba, ko sau ɗaya. Sai yau da kika yi musu shi a gaban gari.”

Washegari da safe ubana ya yi mini magana ta farko. “Kai masa takalmansa.” Na naɗe su a ɗankwali na gangara, ina ji kamar kowace katanga tana kallona. Na same shi a zaure yana tufkar igiyar rama. Na durƙusa na ajiye takalman. Shi ya fara gaishe ni, ya tambayi Kaka, ya tambayi ciwon bayan ubana.

“Baba, ka yafe mini,” na ce, hawaye na zuba.

“Ai ba ki yi ƙarya ba, 'yata. Me zan yafe?” Ya ci gaba da tufka. Can ya ce, “Ki gaida babanki. Ki ce ya daina wahalar da bayansa da ɗaukar tsani.”

Da na tashi tafiya sai hannunsa ya tafi aljihu kamar yadda ya saba. Ya laluba na dama, ya laluba na hagu. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Yau kin zo ba abin da zan ba ki.” A guje na fita daga zauren nan.

Na isar wa ubana da saƙon. Lahadi ta zo, aka buga ƙarfen farko, ya ce da ni, “Ɗauko tsanin.” Ni na kai shi na jingina, yana tsaye yana kallo. Ana tashi daga sujada na zagaya baya da sauri, da idon nan nawa da ake yabo, ina roƙon Allah in ga alamar waya a cikin laka. Ƙasa lumui, sai sawun kaji. Haka muka yi ta yi kowace Lahadi har ruwa ya ɗauke, ni ke fitarwa ni ke mayarwa, ba wanda ya zo. Inna ta gwada aika gari a ɓoye ƙarƙashin ganyen rama, aka karɓi ramar aka dawo da garin da godiya. Kafin sabon hatsi ya nuna Baba Tanko ya tura matarsa da yara wurin danginta a Maska. Shi ya zauna ya girbe abin da ya shuka, ba ya zuwa dandali, aka yi rikicin iyaka sau biyu aka aika ya ce ba ya jin daɗi. Da kaka ta wuce ya bar gonar a hannun ɗan wansa ya bi iyalinsa, daga baya muka ji sun ƙara gaba can kudu. Dawar da ya ƙi ɗauka a rumbun baya ƙwari suka ci rabinta, ni aka sa na share. Kirsimetin shekarar wani malami aka roƙa ya yi mana yanka, ubana bai ci naman ba.

Shi da amininsa ba su sake ganin juna ba. Bayan shekaru, ina koyarwa har na yi aure, wani direban motar auduga ya kawo labarin rasuwar Baba Tanko. Na zo gida na tarar da ubana zaune a gindin rumbun baya. Bai taɓa goranta mini ba, ranar ma bai yi ba. Abin da ya ce kawai, “Kin ga, ban taɓa ce masa na gode ba. Ba a faɗa.”

Na so in ce daga ranar gayyar na daina karanta labaran bincike, amma ƙarya zan yi. Na jefa guda a murhu, na rantse na gama, wata biyu ban cika ba na koma kwalin. Har yau ina karanta su da tabarau, jikokina ke kawo mini, kuma har yau gabana na bugawa in aka tsinci sawu a bakin taga. Laifin ba nasu ba ne. A can duk abin da aka ɓoye mugunta ce, a garinmu kuwa yawancin abin da ake ɓoyewa alheri ne, ni ce ban tambaya ba. Babin ƙarshe ne dai na daina maimaitawa, nakan bi ta kansa da sauri, tausayina yana wurin wanda ake nunawa. Yanzu ina ganin mutum zai ba maƙwabcinsa mudun masara sai an ɗaga waya an ɗauki hoto, mai karɓa yana ta neman inda zai sa fuskarsa. Tsararrakina suna ta tsinuwa, ni nakan yi shiru. Ba ni da bakin magana, don a ƙauyenmu ni na fara, tun ba a san waya ba.

Da ɗan ƙanena ya gama nuna mini siton na tambaye shi ina tsohon tsanin.

“Wane tsani, Gwaggo? Ai tuni aka faskara shi. Me za a yi da tsani ga ƙofa?” Ya girgiza makullin yana dariya.

Na ce ya yi gaba, zan biyo shi. Na zagaya ta baya, wajen hanyar rafi, na tsaya ina duban ƙasa kamar yadda na saba. Ya shafe wurin da siminti har bakin hanya. Ko wani ya zo yanzu ba zai bar sawu ba, kuma ba ta inda zai hau.